Hangen Dala ba shiga birni ba: ni da motar zagaya gari a birnin Rum

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in tofa albarkacin bakina a kan wani rubutu da na karanta a shafinku na tafiye-tafiye. Marubucin, Allah ya saka masa da alheri, ya ba masu zuwa Italiya shawarar su hau motar nan mai bene, marar rufi a sama, da ke zagayawa da baƙi cikin birnin Rum. Ya nuna cewa da tikiti ɗaya da awa biyu mutum ya gama ganin gari. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ya sa na ɗauki alƙalami, don ni na hau motar nan kwana biyu a jere, kuma a rana ta farko abin da ya faɗa shi na yi tiryan-tiryan, na sauko ba abin da na ƙaru da shi sai ciwon wuya da hotuna cike da waya.

Ni ɗan kasuwa ne, sana'ata fata, kuma gadonta na yi. Na daɗe ina kai fatun awaki da na tumaki Italiya, galibi wani ƙaramin gari a kudu da ake kira Solofra, ba nisa sosai da Napoli, inda jima ita ce abincin mutane. Zuwana ƙasar ya haura goma, amma in aka ce in faɗi abin da na sani na Rum, to filin jirgin sama na Fiumicino ne da tashar jirgin ƙasa ta Termini, shi ke nan. Haka yawancinmu muke. Daga masauki sai masana'anta, daga masana'anta sai kantin takalma don tsarabar iyali, sai jirgi. In mun dawo aka tambaye mu yaya Italiya, mu ce akwai taliya, akwai tsada.

A ƙarshen Satumbar 2023 ciniki ya ƙare da wuri, jirgina kuwa sai Asabar, sai na taho Rum tun ranar Laraba. Ina da ɗan ƙanwata da ke karatu a can. Da ya zo gaishe ni a masauki ya dubi yadda nake tashi daga kujera, ya ce, "Kawu, gobe ina da aji har yamma, kuma gwiwar nan taka ba za ta iya Rum da ƙafa ba. Bari in yankar maka tikitin mota na kwana biyu." Da waya ya yanka, kuɗin tsakanin yuro 30 da 40 ne. Na yi ƙorafi, don na san tikitin bas ɗin gari a lokacin yuro ɗaya da rabi ne, kuma yana aiki har minti 100. Ya ce ba ɗaya ba ne, in dai je in gani.

Yadda abin yake, ga wanda bai taɓa gani ba: mota ce doguwa mai hawa biyu, tana bin hanya guda tana dawowa inda ta taso, kamar rawani. Tashoshinta wajen takwas ne. Ta tashi daga Termini, ta bi ta babbar majami'ar Santa Maria Maggiore, ta gangara Kolosiyam, wato katafaren gidan kallon wasa na Rumawan da, ta wuce tsohon filin sukuwa na Circo Massimo, ta ɓulla dandalin Venezia, ta nufi bakin kogin Tiber kusa da fadar Fafaroma, ta juyo ta saman matakalar Sifaniyawa da dandalin Barberini, ta koma gida. In hanya ta yi kyau zagaye ɗaya bai cika awa biyu ba. Tikitin kuwa na lokaci ne, awa 24 ko 48 ko 72, kuma cikin wannan lokaci ka sauka inda ka ga dama, ka gama abin da kake yi, ka tari wata motar ta kamfanin ka hau. Shi ya sa na raɗa mata suna hau-ka-sauka, an kuma ce mini sunanta na Turanci ma abin da yake nufi ke nan. A bakin ƙofa za a miƙa maka taswira da ɗan abin sawa a kunne, ka soka shi a jikin kujera, ka zaɓi harshe, wata murya ta riƙa yi maka bayanin abin da kuke wucewa.

Ranar Alhamis da hantsi na hau bene, na samu kujerar gaba, na gyara zaman hula. Ba zan ɓoye ba, rabin awar farko na ji daɗi ƙwarai. Daga sama kana ganin abin da mai tafiya a ƙasa ba ya gani: zanen da ke saman tagogi, tukwanen furanni a baranda, dogayen itatuwan nan masu kai kamar laima. Da muka sha wata kwana Kolosiyam ya bayyana gaba ɗayansa a gabanmu, sai da na yi salati. Amma kafin in daidaita waya mun ba shi baya. Muryar kunne tana cewa a dubi dama, ni kuwa abin da ke damana motar ɗaukar shara ce, don cunkoso ya riƙe mu, bayanin ya riga mu isa wurin. A dandalin Venezia ana haƙar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, an kewaye rabin fili, muka daɗe a tsaye rana tana dukan ƙeya. Titunan tsohon gari kuma da ƙananan baƙaƙen duwatsu aka shimfiɗa su, motar tana tafe tana girgiza mutum kamar ana tankaɗe. A bakin kogi reshen wata bishiya ya share mini hula, Allah ya taimake ni wata tsohuwa Baturiya da ke bayana ta cafe, ta miƙo mini tana dariya. Daga nan a cinya na riƙe ta.

Ban sauka ko'ina ba. Duk tashar da muka tsaya sai in dubi layin masu jiran hawa, in dubi kujerata ta gaba, in ce in na bar ta ba zan sake samu ba. Na yi zagaye ɗaya, na ƙara na biyu don in fanshe kuɗina, wannan karon ma ramin da ake soka abin kunnen ya fara shaƙewa, muryar tana zuwa tana ɗaukewa. Da daddare yaron ya zo ya karɓi wayata yana duba hotuna. Ya nuna wani farin gini ƙato mai dawakai a kansa ya ce, "Kawu, wannan fa?" Na ce fadar Fafaroma ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ginin tunawa da Sarki Vittorio Emanuele na biyu ne, sarkin farko na haɗaɗɗiyar Italiya, an buɗe shi a 1911, mutanen gari ma tsokanarsa suke yi suna ce masa keken buga rubutu. Fadar Fafaroma tana can ƙetaren kogi. Sau biyu na wuce ta gaban kowannensu, na kasa bambancewa. Hangen Dala ke nan, Malam Edita, ba shiga birni ba.

Ranar Juma'a ba shi da aji, muka fita tare, kuma tun kafin mu hau ya fara nuna mini abin da na taka jiya ban sani ba. Filin da ke gaban tashar Termini sunansa Dandalin Ɗari Biyar. Ni na ɗauka lambar mota ce ko wani abu. Ashe sojojin Italiya ne kimanin ɗari biyar da mayaƙan Habasha ƙarƙashin Ras Alula suka hallaka a Dogali, cikin ƙasar Eritiriya ta yau, a 1887. A nan kuma na yi wautar da nake so masu karatu su kiyaye. Wata mota mai bene ta tsaya, na ɗaga ƙafa zan shiga, mai duba tikiti ta girgiza kai. Kamfanonin da ke wannan aiki sun fi ɗaya, kowanne da launin motarsa, hanyarsu kusan ɗaya ce, amma tikitin wannan ba ya shiga motar wancan. Sai da muka ga motoci biyu na wasu sun wuce kafin tamu ta zo.

A Kolosiyam muka fara sauka. Tikitin mota ba ya shigar da kai ciki, na shiga daban ne, kuma da yaron bai yanka tun da wuri ta intanet ba da sai dai mu leƙa ta ƙarfe. Abin da na fara lura da shi da na matsa kusa shi ne ramuka birjik a jikin duwatsun, kamar gara ta ci. Na tambaya, aka ce ƙarafan da aka ɗaure duwatsun da su ne mutanen baya suka ƙwaƙule suka narkar. A saman wasu ƙofofin har yanzu ana ganin lambobi da aka sassaƙa. Ƙofofi 80 ne a kewaye, mai kallo ya san ta lambar da zai shiga, shi ya sa mutum wajen dubu 50 za su cika wurin su watse ba tare da turmutsutsu ba. Sarki Vespasian ne ya fara ginin, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 miladiyya, wato kusan shekara 500 kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Gefe guda na bangon waje babu shi, girgizar ƙasa ta 1349 ta zubar, aka yi ta kwasar duwatsun ana wasu gine-gine da su.

Akwai na'urar hawa bene don irinmu masu ciwon gwiwa. Daga sama na leƙa tsakiyar filin, inda daɓen ya tafi, sai lunguna da ɗakuna a ƙasa kamar gidan tururuwa. A nan ake tsare zakuna da damisa da jiminu, da yawansu daga arewacin Afirka aka yo jigilarsu, a ɗaga su da igiya da ƙugiya su ɓullo tsakiyar fage, a haɗa su da mutane, jama'a suna shewa. Na tsaya shiru. Jiya daga kan mota kyansa kawai na gani, yau kuwa sai da tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wurin, a matsayina na mai sana'ar fata, wani abu ne daban. Wankewa da gyaran da aka yi wa ginin a shekarun baya, kamfanin takalma na Tod's ne ya ɗauki nauyinsa da yuro miliyan 25. Maɓuɓɓugar Trevi kuma kamfanin Fendi, masu jakunkuna, su suka biya gyaranta. Wato kuɗin fata ne. Na tuna badalar Kano yadda take zaizayewa kowace damina, na tuna mu 'yan fata na gari ko buhun siminti ban taɓa jin mun haɗa mun kai ba, ni ma a ciki. Na bar zancen a nan, don ba shi ya kawo ni ba.

Tasha ta gaba ba nisa, Circo Massimo. Jiya da na hango shi daga bene na ɗauka fegi ne da aka rasa mai ginawa, fili ne dogo, ciyawa da tsakuwa, mutane na yawo da karnuka. Sai da na sauka na tsaya a bakinsa na gane girmansa: tsawonsa ya kai mita 600, a nan ake tseren keken doki, kuma 'yan kallon da yake ɗauka sun ninka na Kolosiyam. Yaron ya juyar da ni ya nuna mini wani dogon farin gini a tsallaken titi, hedikwatar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, wadda muke jin sunanta a rediyo duk lokacin da ake maganar fari ko yunwa. Ya ce a zamanin Mussolini, shugaban Italiya mai mulkin kama-karya, aka fara ginin don ya zama ma'aikatar kula da ƙasashen da Italiya ta mallaka a Afirka. A gabansa kuma aka kafa wani dogon dutse sassaƙaƙƙe, mai tsawon mita 24, da sojojin Italiya suka ɗauko daga garin Aksum na Habasha a 1937. Habashawa suka yi ta bin kayansu shekara da shekaru, sai a 2005 aka mayar musu, gunduwa uku, a jirgin sama, suka sake kafa shi a 2008. Ni dai a zagaye biyun da na yi jiya ban ji muryar kunne ta ambaci wannan ba. Ban ce da gangan ne ba, mota na gudu, ba komai za a faɗa ba. Amma mai gida ne ya zaɓi abin da za a faɗa, kuma labarinsa yake bayarwa.

Daga nan muka bar motar, don lokacin Juma'a ya gabato, ita kuwa ba ta bi ta masallaci. Babban masallacin Rum yana arewacin gari, a gindin tudun Parioli. Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga zuwa Flaminio, daga can muka hau wani ƙaramin jirgi muka sauka a Campi Sportivi, muka ƙarasa da ƙafa. A cikin jirgin yaron ya sa na mayar da jakata gaba na rungume, ya ce masu yankan aljihu ba sa raina baƙo. Hukumar birnin ce ta ba da filin masallacin a 1974, Sarki Faisal na Saudiyya yana kan gaba wajen kuɗin ginin, aka buɗe shi a 1995, kuma yana cikin mafiya girma a Turai. Ginshiƙansa farare ne, suna tashi su rarrabu a sama kamar itacen dabino. Bayan an sallame, a waje masu abinci sun kafa rumfuna, Larabawa da 'yan Bangaladash da 'yan Afirka ta Yamma, har na ji wani yana waya da Hausar Gana. A nan na ci abincin da hankalina ya kwanta da shi. Wanda zai ci taliya a cikin gari ya riƙa tambaya, don biyu daga cikin shahararrun miyar taliyarsu, karbonara da amatiriciyana, da naman kumatun alade ake yin su. Unguwar Esquilino kusa da Termini kuwa akwai gidajen abincin halal da ƙananan masallatai.

Da muka dawo tsakiyar gari muka bi ta matakalar Sifaniyawa. Gwiwa ta ce in zauna, yaron ya riƙo hannuna, ya ce tun 2019 an hana zama a kan matakalar, tara ce mai nauyi, kuma ga masu tsaro nan da usur. Muka lallaɓa har tashar motarmu da ke sama. A nan wani aibin motar ya fito fili. Inda muke son zuwa, bakin kogi, tasha ɗaya ce a bayanmu, amma motar ba ta komawa baya. Sai dai mu bi ta Termini, mu sake Kolosiyam, mu sake dandalin Venezia, sama da awa guda, alhali mai ƙafa lafiyayya rabin awa ya ishe shi. Na ce mu hau. Na zauna a hawan ƙasa inda babu rana, na jingina da taga, na yi ƙailulata mai daɗi. Wannan ma amfani ne, ban raina ba.

La'asar sakaliya muka sauka kusa da gadar Sant'Angelo. A kan gadar, tsakanin gumakan mala'iku da aka jera dama da hagu, wani ɗan Senegal ya shimfiɗa farin zani ya baza jakunkunan mata masu tambarin manyan kamfanoni. Da ya ga hula da carbi ya yi mini sallama, ya ce, "Alhaji, fata ce zalla." Na ɗauki ɗaya, na murza bakinta da babban yatsa, na kai hanci. Fata tana da ƙamshinta, tana kuma da 'yan ƙofofin gashi da ba sa jeruwa daidai. Wannan kuwa zanenta a jere yake sak kamar an buga da hatimi, warin roba kuma har maƙogwaro. Na dube shi, ya dube ni, muka fashe da dariya tare. Na ajiye masa kayansa na yi masa fatan kasuwa. Yaron ya ce gara da ban saya ba, don a Italiya mai sayen jabu ma ana cin tararsa.

A ƙarshen gadar akwai wani gini mai kewaye kamar rumbu, ƙato, jajaja, shi ne Castel Sant'Angelo. Jiya muryar kunne ta ce kabarin Sarki Hadrian ne, an gama shi a shekara ta 139, daga baya Fafaromomi suka mayar da shi ganuwa da kurkuku, har da wata doguwar hanya a kan bango da suke bi su gudo ciki daga fadarsu in yaƙi ya ci gari. Duk gaskiya ne. Muna hawa wata hanya mai murɗawa a cikinsa, marar matakala, mai duhu da sanyi, sai yaron ya ce, "Kawu, ka san a gidan nan aka taɓa tsare mutumin da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta labarin Kano daga littafinsa?"

Na tsaya cak. Ya ce sunansa Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, haifaffen Garnaɗa ta Andalus, a Fas ya tashi, malami ne kuma manzon sarki, ya yi yawo har Timbuktu da Masar. A 1518 yana dawowa ta teku 'yan fashin jirgin ruwa Kiristoci suka kama shi, da suka ga mai ilimi ne sai suka kai shi kyauta ga Fafaroma Leo na goma. A wannan gida aka ajiye shi fiye da shekara. A watan Janairun 1520 aka yi masa baftisma, Fafaroma ya ba shi sunansa, shi ne Turawa ke kira Leo Africanus. Ko da zuciya ɗaya ya karɓa ko don ya tsira da ransa, Allah shi ne masani, masana da yawa dai suna ganin daga baya ya koma Tunis. A Rum ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka, ya gama a 1526, aka buga shi a Venis a 1550. A ciki ya kawo Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas da Borno. Ya ce Kano gari ne mai ganuwa, mutanensa attajirai ne da masu sana'a, ƙasarsa akwai hatsi da shinkafa da auduga. Masana suna saɓani kan ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko labari ya ji daga fatake, amma sunayen garuruwanmu suna nan a rubuce.

Sai yaron ya ƙara da abin da ya san zai kama ni. Ya ce da mutumin ya zo kan Gobir, ya rubuta cewa akwai masu ɗinka takalma irin waɗanda Rumawan da suke sawa, ana kuma kai su Timbuktu da Gawo a sayar. Malam Edita, ka dubi wannan lamari. Shekara kusan 500 da suka wuce, wani bawan Allah da ƙaddara ta jefo cikin wannan gari yana ba Turawa labarin dukawan ƙasar Hausa da takalmansu. Ni kuma jikan masu wannan sana'a, na zo ƙasar sau goma da ɗoriya da fata a kwantena, jiya ma sau biyu na wuce ta gefen ginin ina ɗaukar hotonsa, ban san akwai abin da ya haɗa ni da shi ba. Na nemi wani dakali na zauna. Ban san ɗakin da aka ajiye shi ba, na dai shafa bangon da ke kusa da ni, na yi masa addu'a.

Daga rufin ginin ana ganin gari duka. Ga ƙubbar majami'ar Waliyyi Bitrus kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ga ƙasar Batikan, wadda duk faɗinta hekta 44 ne, ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a 1929. Can nesa ga farin ginin da na kira fadar Fafaroma jiya. Yanzu kam ko cikin barci aka tashe ni ba zan haɗa su ba. Muka shagala da kallo har rana ta yi ja, da muka sauko tasha babu kowa, motar ƙarshe ta wuce. Wannan ma a sani: ba ta kai dare, da magariba take tashi daga aiki.

Rashin motar sai ya zame mana alheri, don wuraren da suka rage dama ba ta shiga, lungunan sun yi mata ƙanƙanta. Muka taka a hankali, ina dafa kafaɗar yaron, muka ratsa dandalin Navona, muka iso Pantheon, tsohon wurin bautar Rumawan da wanda aka mayar majami'a, an riga an rufe. Na tsaya a barandarsa na rungumi ginshiƙi ɗaya, hannuwana ba su ko kusa haɗuwa ba. Guda 16 ne, kowanne dutse ɗaya ne ba haɗi, kuma daga Masar aka yo dakonsu ta ruwa. A wani lungu muka tarar da irin famfon nan nasu na baƙin ƙarfe da ke zuba dare da rana, suna ce masa mai babban hanci, akwai su sama da dubu biyu a gari, ruwan sha ne kyauta. Yaron ya toshe bakin da yatsa, ruwa ya yi tsalle ta wata 'yar ƙofa a saman bututun, daidai bakin mai sha. Na sha, sanyi kamar na randa, na cika gora, na kuma yi alwala a wurin ba wanda ya ko kalle ni. Jiya kuwa yuro biyu-biyu na yi ta ba masu sayar da ruwan roba.

A Trevi muka ƙare. Tun kafin ka gan ta kake jin ƙarar ruwa. An gama gininta a 1762, amma hanyar ruwan da ke ciyar da ita ta girmi haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Mutane cunkus, kowa ya juya baya yana jefa kwabo ta kan kafaɗa, wai don ya sake dawowa Rum. Kuɗin ana kwashewa a ba ƙungiyar agaji ta Caritas ta ciyar da mabuƙata. Ni ban jefa ba, dawowa ta Allah ce. Daga nan gwiwa ta ce ta gama nata, muka tari tasi.

Don haka ban ce kada a hau motar ba. Dattijo, da mai juna biyu, da mai ɗawainiya da yara, da wanda jirginsa zai tashi gobe, duk za ta yi musu rana, ni ma ba don ita ba da ban kai ko'ina ba. Gyaran da nake roƙon a yi wa waccan shawara shi ne a cire maganar awa biyu. Mutum ya yanki na kwana biyu in yana da hali, ya yi zagayen farko da sassafe kafin rana da cunkoso, don ya san gabas da yamma. Bayan nan ya zaɓi wuri biyu ko uku, ya yanki tikitin shigarsu tun da wuri, ya haƙura da kujerar gaba ya sauka. In da ɗalibi ɗan gida a garin, a neme shi a biya masa tikiti, ya fi muryar kunne sau goma. Masu hula kuma su riƙe ta a hannu in an zo bakin kogi.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu farin jini. Wassalam.

Naku,
Wani mai sana'ar fata,
Ƙofar Wambai, Kano.